Kwana biyar a Istanbul da guzuri kaɗan: ina za a je, ina za a bari?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutumin da zai yi kwana biyar a Istanbul ta ƙasar Turkiyya tare da iyalinsa, guzurin kuma ba shi da yawa, ta ina zai fara? Kowa Ayasofiya yake ambato, da fadar Topkapi da Babbar Kasuwa, amma an ce kuɗin shiga ya yi tashin gwauron zabo. Waɗanne wurare ne suka cancanci a biya, waɗanne ne kyauta? Kuma yaya za a yi zirga-zirga kada tasi ta cinye guzurin?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, fara gyara batun sufuri, domin ta nan kuɗin baƙo ke zurarewa bai sani ba. Da saukarka ka sayi katin Istanbulkart a injinan da ke tashoshi, ka zuba masa kuɗi. Da wannan katin ake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin kan titi, da bas, da jiragen ruwa na gari, har da jirgin ƙasa na Marmaray, wanda tun 2013 yake bi ta ƙarƙashin teku ya haɗa ɓangaren garin da ke Turai da na Asiya.

Duba tikitinka da kyau, filayen jirgin sama biyu ne. Babban filin yana ɓangaren Turai, nesa da tsakiyar gari, kuma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na M11 ko bas-bas na Havaist ne za su shigo da kai. Sabiha Gokcen yana ɓangaren Asiya, layin M4 ne ke tafiya daga can zuwa Kadikoy. Wanda ya kama masauki bai duba wannan ba, ranar komawa zai gane kurensa.

A cikin gari, layin jirgin kan titi na T1 shi ne ƙashin bayan tafiyarka. Yana tsayawa a Beyazit inda Babbar Kasuwa take, da Sultanahmet, da Eminonu, da Karakoy, ya ƙare a Kabatas. Ka sami masauki kusa da wata tasha a kan wannan layin, ko da ba a Sultanahmet ba, domin can ɗakuna sun fi tsada.

Yawon kan ruwa kuwa, kada ka saurari masu tare mutane a bakin gaɓa da takardun talla. Jirgin da ma'aikata ke hawa daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy, tafiyar kamar minti 20, ruwa ɗaya yake bi da jiragen masu tallan, kuma kuɗin mota kawai za ka biya da katinka. Ka hau dab da magariba, ka zauna a waje ta baya, ka ga hasumiyoyin tsohon gari.

Hajiya Mai Tarihi:
Ɗan'uwa, mafi kyawun abin gani a garin nan masallatai ne, kuma ba a biyan ko kwabo. Masallacin Sultan Ahmed, mai hasumiya shida, da Sulaimaniyya wanda magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, duk kyauta ne. Ni a ganina Sulaimaniyya ya fi daɗin ziyara: cunkoso kaɗan ne, farfajiyarsa na kallon mashigin ruwan Halic, kabarin Sarki Sulaiman kuma yana nan a harabar. Mata su riƙe ɗankwali ko mayafi, kowa ya tafi da 'yar leda ta saka takalmi. Ana dakatar da masu yawon kallo a lokutan sallah, ran Juma'a kuma sai bayan an sauko.

Ayasofiya daban take. An kammala gina ta a 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, ta sake komawa masallaci a 2020. Tun Janairun 2024 baƙo mai zuwa kallo yana biyan yuro 25, kuma benen sama kaɗai yake hawa, inda tsofaffin zane-zanen bango suke. Ƙasa ta masu sallah ce, ƙofarsu daban. Iyali mai mutum huɗu manya, yuro 100 ke nan, sai ka auna ko zanen ne ya kawo ka.

Ka ware rabin yini don Eyup Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, Allah ya ƙara masa yarda. Layin T5 daga Eminonu zai kai ka. Daga nan akwai keken igiya mai hawa tudun Pierre Loti, shi ma da katin nan ake shiga.

Abin da ke ɓata wa mutane shiri shi ne ranakun rufewa. Topkapi ba ta buɗewa ran Talata, fadar Dolmabahce ran Litinin, Babbar Kasuwa ran Lahadi. Rubuta waɗannan ukun kafin ka tsara komai.

Ɗan Lissafi:
Hajiya ta yi bayani, sai dai zan ƙara da cewa idan wuri ɗaya tak za a biya, to Topkapi ce, ba Ayasofiya ba. A can ne ɗakin kayayyakin tarihi masu alfarma yake, ga taskar sarakuna da farfajiyoyi huɗu, kuma tana cin awa uku zuwa huɗu. Ka je da buɗe ƙofa, kafin motocin ayarin 'yan yawon buɗe ido su iso. Kana fitowa lambun Gulhane na gefe, kyauta, yara su huta.

Hattara da katin gidajen tarihi na kwanaki da ake tallatawa. Ba ya shigar da kai Ayasofiya, ba ya shigar da kai Yerebatan, wato tafkin ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙi 336, domin hukumomin da ke riƙe da su daban ne. Lissafa wuraren da za ka shiga da gaske, ka haɗa kuɗinsu, sannan ka kwatanta. Farashin da ka gani a rubutun bara kada ka dogara da shi, lira, kuɗin Turkiyya, na faɗuwa, ana yawan sauya farashi.

Wajen kuɗi, canza kaɗan a filin jirgi, sauran a shagunan canji masu alamar döviz a cikin gari. In injin cirar kuɗi ko na biya ya tambaye ka da wane kuɗi zai caje ka, zaɓi lira. Ɗaya zaɓin yana zuwa da farashin canji mai cuta.

Abinci: bar gidajen da ke fuskantar dandalin Sultanahmet, masu yaro a ƙofa yana kiran mutane. Shiga lungu ka nemi esnaf lokantasi, inda ma'aikata ke ci. Abincin na jere a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so. Duk inda aka ajiye maka faranti ba ka nema ba, tambayi kuɗinsa kafin ka sa hannu. Tasi kuma, in ta zama dole, ka tabbata mita na aiki. Haka nan in mai gyaran takalmi ya yar da burushinsa a gabanka, wuce abinka. Kana ɗauko masa zai ce zai goge maka don godiya, ya ƙare da neman kuɗi.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka da alheri. To yankin Kapadokiya da ke tsakiyar Turkiyya fa, ana iya haɗa shi cikin kwana biyar ɗin?

Mai Taswira:
Ban ba ka shawara ba, Malam. Motar dare daga Istanbul zuwa garin Goreme da ke Kapadokiya tana cin fiye da awa goma, zuwa da dawowa sun lashe dare biyu, ga yara. Manyan balan-balan masu tashi sama da mutane da ake zuwa dominsu kuma da asuba kawai suke tashi, in iska ta yi ƙarfi a soke tashin ranar gaba ɗaya, mai kwana ɗaya ya dawo hannu rabbana.

In ana son fita daga hayaniya, a je tsibirin Buyukada. Jirgin ruwa ne daga Kabatas, kamar awa ɗaya da rabi, da katin nan dai. Ba a yawo da motocin gida a tsibirin, sai ƙafa, ko keken haya, ko ƙananan motocin lantarki. A je a ranar aiki, domin Asabar da Lahadi mutanen gari ke cika jirgin, kuma da isarku ka duba lokacin jirgin ƙarshe na dawowa.