Maigidana ya afka caca tun lokacin kulle, yanzu adashina yake nema

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Maigidana direban Adaidaita Sahu ne a nan Kano. Kafin korona yakan je gidan kallo ranar Asabar, na san yana ɗan buga na ɗari biyu, in na yi magana ya ce nishaɗi ne. Da aka kulle gari a watan Afrilun wannan shekara ta 2020, babu fita sai Litinin da Alhamis, sai ya tare a waya har azumi ya wuce. Ni na zaci labarin cutar yake bi. Shekaranjiya mai babur ɗin ya zo har ƙofar gida, ashe yana bin sa balas na 46,000. Da na matsa masa da daddare ya faɗa min akwai 30,000 na abokinsa, da 25,000 na masu ba da bashi ta waya. Ƙarshen watan nan ni ce da kwasar adashi, 120,000, keken ɗinki na yi niyyar saya, sauran in yi wa yara kayan Babbar Sallah. Ya ce in ranta masa, ya rantse ya daina, kuma ya roƙe ni kar Yayansa ya ji. In ba shi a hannu, ko in biya mai babur da kaina, ko in sanar da Yaya? Ba rabuwa nake tambaya ba.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Caca haramun ce, ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun haɗa ta da giya, sun ce Shaiɗan yana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane ta hanyarsu. Ya tuba kawai.

Hajiya Turai:
Ki tattara yaranki ki tafi gida sai ya zo biko. Ɗan caca ba ya jin magana sai ya ga ɗaki wayam.

Maman Hanifa:
Hajiya na ce ba tafiya nake tambaya ba. Malam shi ma ya san haramun ce, a sahun gaba yake sallah.

Ɗan Kurna:
Tsaya, wace ƙwallo ya buga wa a Afrilu? Ai tun 13 ga Maris aka dakatar da Firimiya, Jamus ce ta fara dawowa 16 ga Mayu, Ingila sai 17 ga Yuni. Anya ba wani wajen kuɗin suka tafi ba? Ki bincika ko aure yake nema.

Sani Mai POS:
Ɗan Kurna ba ka san harkar ba. Rashin ƙwallon ne ma ya hallaka yara. 'Yar'uwa bari in ba ki labarin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na ɗora shi a shagona na POS a Kaduna. Mu an kulle mu tun ƙarshen Maris, kafin Kano. Kuɗin juyawa na cikin asusun, 380,000, kuma lambar sirrin tana hannunsa don ban taɓa kama shi da ko sisi ba. Da ƙwallo ta tsaya sai ya koma wa ta kwamfuta, wadda suke kira bachuwal. Babu ɗan wasa, babu fili, zane ne ke gudu a waya, cikin 'yan mintuna an tashi an sake sabo. Da can mutum zai yanki tikiti ranar Asabar, in ya faɗi yana da mako guda ya huce. Wannan kuwa kafin ka gama jin zafin ɗari biyar ka sa dubu don ka dawo da ita. Ba dare ba rana, ga mutum ba aikin yi.

Ranar farko ya ci 40,000, wannan cin ne ya kashe shi. Ranar da aka sassauta na je shago, kwastoma na farko ya nemi 20,000, na duba asusu na tarar da 6,200. Ya yi kuka, ya dafa Alƙur'ani, ya ce kar Baba ya ji saboda hawan jininsa. Na rufa masa asiri, na sayar da babur ɗina na zuba jari, har na biya masa wani bashi na 50,000 a hannunsa. Bai kai wa mai kuɗin ba. Ya ce so ya yi ya ninka ya mayar min da nawa duka. A ƙarshe Baba a bakin mai bashin ya ji, a ƙofar masallaci, gaban jama'a. Yanzu ni ne mai laifi a gidanmu, wai na ɓoye. Yaron yana Suleja, ba ya ɗaga wayata.

Ummu Khalil:
Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri Malam Sani. Shekarunsa nawa?

Sani Mai POS:
Ashirin da uku. Hafizin izu talatin ne, kar wani ya ce min rashin tarbiyya.

Baban Gunners:
Ni dai a kullen nan na haddace ƙungiyoyin Belarus kaf. BATE Borisov, Dinamo Brest, har da wasu da harshe ba ya iya furtawa. Shugabansu Lukashenko ya ce a hau tarakta a yi noma cutar za ta gudu, suka ci gaba da buga ƙwallonsu. Da Nikaraguwa da Burundi. Mutumin da bai san inda Gezawa take ba yana maka bayanin tsaron bayan wata ƙungiya a Tajikistan.

Ummu Khalil:
Ana maganar gidan mutane na rushewa kai kana wasa.

Tsohon Ɗan Bet:
Ni na buga shekaru, na bari bara, don haka ki saurare ni. Kar ki ba shi kuɗi a hannu, ko naira. Ba don mugu ne ba. A kansa yanzu kuɗin nan ba na biyan bashi ba ne, jarin fansa ne. Ki je da shi wurin mai babur ki biya a gabansa, don babur ɗin ne abincinku. Abokin ya jira. Sannan katin banki ya dawo hannunki, ya koma ƙaramar waya mai maɓalli. Rantsuwarsa gaskiya ce a daren da ya yi ta, amma ranar da ya ga wasan da yake ganin tabbas ne, ba zai tuna ba. Kuma babu tabbas. Ko ƙungiyoyi biyu ne daidai wa daida, kamfani zai ba kowane ɓangare 1.90, ba 2 ba. Ka sa ɗari nan ɗari can, ka zuba 200 ka karɓi 190. A tikiti mai wasa goma wannan yankan sau goma ake yi maka.

Abu Sumayya:
Yanzu ɗan caca ne zai ba matar aure shawara har da koya mata lissafin caca? A koma ga malamai.

Tsohon Ɗan Bet:
Malam ka kawo aya, mun karɓa. Amma ba ka faɗa mata wa za ta fara biya ba.

Hajiya Turai:
Ku duka maza ne, ba ku san zafin zubi ba. Wata goma tana hana kanta. In ta biya yau, gobe ɗan kunnenta ne. Kuma keken ma 120,000 ta yi yawa, 38,000 na saya wa 'yata a Sabon Gari.

Ummu Khalil:
Yaushe Hajiya? Satin da ya wuce 55,000 aka ce min, da ƙafarsa. Komai ya tashi tun kulle.

Ɗan Kurna:
Na hannu 25,000 za ki samu, ya ma fi sabon ƙarfe mai kyau.

Maman Hanifa:
Mai aikin zigzag nake so, 70,000 aka yi min kuɗinsa. To maganar Yaya fa? In faɗa ko kar in faɗa?

Nas Aisha:
Ki faɗa, amma ki ce masa shi ya faɗa da bakinsa kina zaune, ki ba shi kwana biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka, kamar shaye-shaye. Ki lura da barcinsa da cin abincinsa. In kika ji yana cewa gara mutuwa ko ya gaji da duniya, kar ki ɗauka magana ce, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau.

Abu Sumayya:
Komai sai ku ce cuta. Son banza ne.

Sani Mai POS:
Ku kira shi abin da kuka ga dama. Ni dai ɓoyewar ce ta cinye babur ɗina. Da na kai wa Baba tun ranar 6,200 da yanzu ina da abin hawa.

Baban Gunners:
Jiya, 15 ga Yulin 2020, Arsenal ta ci Liverpool 2 da 1, zakarun da suka ɗau kofi bayan shekara 30. Ku je unguwarmu ku ga fuskoki, kowa Liverpool ya ba. Tunda aka dawo ba 'yan kallo ma lissafin gida da waje ya rikice. Ni na ji daɗi kyauta.

Bilkisu Zariya:
Ni 25,000 ɗin nan na masu waya ne ya fi tsaya min. Ki fara da su kafin mai babur. Ƙanin mijina ya ci 15,000 a wata manhaja, sati biyu suka ce 21,000. Da ya makara suka tura saƙo ga duk lambar da ke wayarsa, har surukinsa, wai ɓarawo ne a guje shi. Ni ma sun kira ni wai ni ce na tsaya masa, ban ma san an yi ba.

Ɗan Kurna:
Kar a biya su ko kwabo. Ya cire layin ya jefar. Wani abokina 10,000 ya ci, 12,500 kawai suka nema, ya ƙi, ba abin da ya faru.

Bilkisu Zariya:
Cire layi ba ya goge lambobin da suka riga suka kwashe. Tun ranar da ka sauke manhajar ka danna amincewa.

Hajiya Turai:
Ai da tallafin da aka yi ta shela a rediyo ya iso hannun mutane da wasu ba su ci bashin nan ba. Layinmu gida sama da arba'in, abin da ya zo bai cika baro ba, shi ma an rubuta sunayen 'yan'uwa.

Ɗan Kurna:
Ku kun ma ga baro. Mu fom muka cika, har da lambar BVN, wani yaro ya karɓi 500 kuɗin cikewa. Shiru har yau.

Ummu Khalil:
500? Mu 2,000 muka biya a shagon kwamfuta.

Maman Hanifa:
Mai babur ya sake aikowa, ya ce Asabar zai karɓi makullinsa. Uwar adashi ta ce ba za ta iya ba ni kafin 28 ga wata ba sai in wata ta yarda mu yi musayar kwasa.

Baban Gunners:
Ɗan Kurna turo min sunan fom ɗin nan, ko har yanzu ana cikewa?