Neman shawara: yarona yana ɗaukar tarantula a hannu, in hana shi ko in ƙyale shi?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin harkar nan ku taimaka, kaina ya kulle. A Ingila muke zaune da iyali. Babban ɗana shekararsa 13, tun da muka zo ba shi da aboki sai waya, ka yi masa magana ya shige ɗaki ya rufo ƙofa. Darasin kimiyya ne ya sa masa son ƙwari, ya yi ta tara kuɗin kashewarsa, daga ƙarshe na raka shi shago muka sayo tarantula, ƙaton gizo-gizon nan mai gashi. Uwarsa ta yi faɗa har ta kira yayata a gida ta kai ƙarata, wai na shigo da tautau cikin yara. Mai shagon ya ce mai sanyin hali ce. Yanzu kullum ya dawo makaranta sai ya hau gado ya ɗora ta a tafin hannu, tana hawa har kafaɗarsa, kuma ba ta taɓa cizonsa ba. Amma kwanan nan wuyan hannunsa ya yi ja yana ta susa, tarantular kuma ta daina cin abinci, bayanta ya yi sanƙo. Ga ƙanwarsa 'yar shekara 2 tana shiga ɗakin. In na hana shi ina tsoron ya koma wa waya. Ya zan yi?

Kawu Mai Ƙwari:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ka ba mu labarin yayarka amma ba ka faɗi abin da ya fi komai ba: wane iri ce, kuma nawa ne faɗin ƙafafunta? Tarantula kashi biyu ce. 'Yan nahiyar Amurka dafinsu ba shi da ƙarfi, makamin yawancinsu gashin bayan ciki ne, suna karce shi da ƙafafun baya ya tashi a iska. 'Yan Afirka da Asiya ba su da wannan gashin, sai sauri da dafi mai zafi. Daga bayaninka taka 'yar Amurka ce, kuma sanƙon nan shaida ce cewa ta daɗe tana karce gashin bayanta. Da alama shi ne jan da ka gani a hannunsa.  Ka hana shi yau.

Baban Sadiq:
Kawu, sunan na kan rasit, ban san inda na ajiye ba. Baƙa ce, gwiwoyinta ruwan lemo. Girmanta ya kusa tafin hannunsa. Amma fa in ya sa hannu da kanta take hawa, ba tilasta mata yake ba. Ta saba da shi.

Kawu Mai Ƙwari:
Wannan kamannin Brachypelma ne, 'yar Meziko, ko nau'in hamorii ko na smithi. Ba ta da saurin cizo, amma an san danginta da harbin gashi. Batun sabo kuma ka cire shi a ranka. Idonta takwas amma ba ta gani sosai, da motsi da girgizar ƙasa take gane duniya. Hannun yaronka a wurinta wata ƙasa ce mai ɗumi da ke motsi. Ba kyanwa ba ce, ba ta san shi ba, kuma ba ta samun komai daga ɗaukar.

Babban haɗarin ma a kanta yake. Cikinta jaka ce mai taushi. Babbar tarantula mai zaman ƙasa in ta faɗo daga santimita 30 a kan daɓe cikin na iya fashewa, ballantana daga kafaɗar yaro a kan gado. Da matsin ruwan jikinta take miƙe ƙafafu, in ya zube sai ka ga ƙafafun sun naɗe ƙarƙashinta, shi ke nan. Kuma ga yadda abin ke faruwa: numfashin yaro ya huro mata, ta zabura ta ruga, shi ma ya firgita ya yarfe hannu. Macen Brachypelma tana haura shekara 20 in an bar ta a mazauninta.

Maman Hanifa:
Ni ƙaramar ce damuwata. Gashin nan kamar ƙaiƙayin gero yake, sai dai shi yana da ƙananan ƙugiyoyi, wasu silin ba su kai milimita 1 ba. Yana zama a zanen gado da rigar yaro da ƙasar akwatin. Ga fata: a manna salatif a ɗaye sau uku ko huɗu, sabo kowane karo, a wanke da sabulu da ruwan sanyi, a nemi maganin ƙaiƙayi wurin mai kemis. Susa ƙara tura shi ciki take. Masu yawan taɓawa kuma jikinsu ƙara ƙin abin yake, ƙaiƙayin bana ya fi na bara. In ya shiga ido kada a murza ko kaɗan, a zuba ruwa mai tsabta a wuce asibiti a ranar, a gaya wa likita akwai tarantula a gidan, don kada a ɗauka apolo ne. Silin na nutsewa cikin fatar ƙwayar ido, sai da na'urar likitan ido ake ganinsa, kumburin kuma yakan ɗauki watanni. A wanke zanen gadon nan daban, a sa wa ƙofar sakata daga sama. Da ni ce uwar gidan, mayar da ita shago za a yi.

Abu Yasir:
Kawu, kana da gaskiya amma ka cika tsanani. Yaro ɗan 13 in aka ce masa kada ya taɓa, a ɓoye zai taɓa, kuma nan ne ake ɓarna. Gara a kafa masa doka. Ya zauna a ƙasa kan bargo, ba kan gado ba. Ya fara shafar ƙafarta ta baya da burushin fenti mai laushi. In ta juyo ta kai wa burushin hari, ko ta ɗaga ƙafafun gaba ta nuna fiƙa, ko ta fara karce baya, a rufe akwati, ba yau ba. In tafiya ta yi a hankali, ya shimfiɗa hannu ta hau da kanta. Hannu kada ya ɗara santimita 10 daga bargon, kada ta wuce gwiwar hannu, ya riƙa tare gabanta da ɗaya hannun. Fuska nesa, ya sa tabarau, minti 5 ya isa. Ya wanke hannu kafin da bayan, don ragowar maganin sauro ko maganin ƙuman kare a fata na iya kashe ta.

Ɗan Kumasi:
Masu shagon nan su ne matsala. Duk abin da zai sa ka ciro kuɗi za su faɗa. Ga masu bidiyo a TikTok suna ɗora gizo-gizo a fuska don a kalla, yara na kwaikwayo. Abin da ya fi ba ni haushi, irin namu na Afirka ta Yamma, Heteroscodra maculata da ake yi wa laƙabi da Togo da kuma Stromatopelma calceatum, araha gare su, sai sabon shiga ya saya don kyau. Waɗannan a bishiya suke zama, kafin ka ƙifta ido sun hau hannu sun kai wuya. Cizonsu na kawo zafi mai tsanani da ɗaurewar nama na kwanaki, wani lokaci makonni. Baban Sadiq, in yaron ya ce zai ƙara ta biyu, ka karanta sunan kafin ka biya. Ya sa safar hannu mai kauri kawai a huta.

Kawu Mai Ƙwari:
Safar hannu a'a. Faratan ƙafarta na maƙalewa a zare, ta ja ta tsinke ƙafa, shi kuma ba ya jin motsinta. Abu Yasir, duk dokokinka ba su shafi wannan makon ba. Baban Sadiq, duba sanƙon. In launin fata ne mai haske, da saura. In ya yi baƙi yana sheƙi, ga ƙin abinci, saɓa za ta yi. Ka cire duk gyaren da ba ta ci ba cikin awa 24, don gyare na cin ta lokacin da jikinta ke da laushi. Ka cika mata kwanon ruwa. In ka gan ta kwance rigingine ba mutuwa ta yi ba, kada a juya ta, kada a fesa mata ruwa, abin na iya ɗaukar yini guda. Bayan ta fito a jira kwana 10 zuwa 14 kafin abinci, sai fiƙoƙin sun tashi daga fari sun koma ja sun koma baƙi. Sabuwar fatar kuma da cikakken gashi za ta zo.

In dole a matsar da ita don gyaran akwati, kofin roba garai-garai za a kifa mata, a zura kwali ta ƙasa, a yi aikin a daɓe. Abinci da dogon hantsaki. Tsakanin ƙasar akwatin da murfi kada ya wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi. A ajiye garin sitacin masara kusa, in ta ji rauni a barbaɗa ya tsayar da ruwan.

Abu Yasir:
Sitaci na ƙaramin rauni ne Kawu, in tsagar ta yi girma ɗigon supagulu ya fi riƙewa.

Kawu Mai Ƙwari:
A hannun ɗan shekara 13? Manne mata huhu zai yi, ƙofofinsu a ƙarƙashin cikin suke.

Baban Sadiq:
Na gode muku duka, Allah ya saka. Na duba, sanƙon ya yi duhu amma ban ga sheƙi ba. Hajiya Maman Hanifa, mayarwa ba za ta yiwu ba, kuɗinsa ne ya tara, kuma tun da aka kawo ta yaron nan ya fara zama da mu a falo. Gadon ma ai katifa ce mai laushi, ko ta faɗo ba a daɓe ba ne. Ina ganin zan bar shi ranar Asabar kawai, a gabana. Jan hannun kuma wataƙila sabon sabulu ne, don uwarsa ta canza. In gobe Asabar ba ta kwanta rigingine ba, zai iya ɗaukarta ko na minti biyu?

Maman Hanifa:
Sakatar fa, an sa?