Shokozoban Morris Minor mai hannu yana yoyon mai: a gyara ko a sauya?

Mai Moris, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum. Masana tsofaffin motoci, ina neman shawara a kan Morris Minor 1000 ƙirar 1962. Shokozobanta ba dogon nan mai kama da gora ba ne, na Armstrong ne, ɗan akwati mai hannu. Na gaba ta hagu kullum a jiƙe yake da mai, daidai inda hannun ya fito daga akwatin. In an cika shi, bai fi kwana 10 ba ya ƙafe. In an danna gefen motar aka saki, sai ta yi lilo sau uku kafin ta natsu, kuma a kan gargada ana jin ƙwas-ƙwas daga wajen. Wasu sun ce a ɗura masa man giyar mota mai lamba 90, wasu sun ce a cire a sa dogo. Ana iya farfaɗo da na asalin a nan Katsina? Kuma wane mai ya dace da shi?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin maganar mai, a ajiye motar tukuna. A Minor, hannun shokozoban gaba shi ne hannun sama da ke riƙe da ƙafar mota. In ya yi sako-sako, taya ce ke rawa, sitiyari kuma ya riƙa yawo.

Ƙarar nan a fara neman ta a kusoshi 4 da suka ɗaure akwatin a jikin mota, don sun saba kwancewa. In suna nan daram, a ɗaga motar a kan turaku, a sa jek ƙarƙashin hannun ƙasa ya ɗauki nauyin toshan ba, wato sandar ƙarfen nan mai murɗuwa da ke aikin sifirin a gaba. Kada a kwance komai a sama jek bai ɗauka ba, in ba haka ba sandar za ta fizgo ƙafar ƙasa da ƙarfin da zai iya karya hannun mutum. Sifanun inci za a nema, na milimita cinye kan noti suke yi.

In akwatin ya fito, a wanke bayansa tas da kananzir kafin a buɗe, ƙurar hunturu ɗaya ta shiga bawul ta isa ta hana shi rufewa. A kama shi a bais, wato mamatsin ƙarfe na kan teburin aiki, a tsaye, yadda yake zama a mota, a kama gindin kawai, don ƙarfen zubi ne mai laushi. Sai gwaji biyu. Na farko, a girgiza hannun ciki da waje, gefe da gefe: duk motsin da aka ji, shaf, wato sandar da ta haɗa hannun da cikin akwatin, ya ci ramin da yake juyawa a ciki. Na biyu, a cika mai a ja hannun sama da ƙasa har ƙarshe. In iska ta gama fita ya yi tauri tun daga farko har ƙarshe, fistin biyun da ke ciki lafiyarsu lau. In kuwa akwai wurin da hannu ke faɗawa fayau ko an yi ta bugawa, to ciki ya mutu.

Wanda bai da girgiza, wanki kawai yake so. A cire murfin sama da babban notin bawul, a jera sifirin biyu da 'yan wosha-woshan a kan farin ƙyalle yadda suka fito. Ɗaya sifirin na dannawa ne, ɗaya na dawowa. Ƙaramin notin da ke kan bawul ɗin kada a taɓa shi, saitin kamfani ne. A zubar da tsohon man, za a gan shi toka-toka kamar kunu, garin ƙarfen jikin akwatin ne. A ɗauraye da sabon mai sau biyu ko uku har ya fito garau. Bawul na gaba da na baya ba ɗaya ba ne, kada a haɗa su a kwano guda.

Amma naka da ke yoyo ta wuyan shaf, ina kyautata zaton sai ya je wurin mai tana, wato mai injin juya ƙarfe da fafe shi.

Mai Tana, Daura

Gaskiya Oga ya faɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauya sil kaɗai, wato robar da ke tare mai a wuyan shaf. Irin waɗannan shaf ɗin kai tsaye yake juyawa a cikin ƙarfen akwatin, babu bushin, wato zoben da shaf zai juya a ciki. Shekara da shekaru nauyin ƙafar mota yana danna shi gefe guda, sai ramin ya koma kamar ƙwai. Sabon sil ba ya iya bin shaf mai rawa, wata ɗaya ya yi yawa yoyon ya dawo.

Kafin a raba komai, a kai hannun tsakiyar tafiyarsa, a buga alama da fonci a kan hannun, da shaf, da ƙarfen ciki mai tura fistin. Haƙora ne suka haɗa su. Haƙori ɗaya aka kuskure wajen mayarwa, fistin zai buga ƙasan silinda kafin ƙafar mota ta gama tafiyarta, daga nan sai tsagewar akwati. A cire ɗan faifan da ya toshe bayan shaf, a tura shaf ɗin da injin matsi, an tallafi jikin akwatin sosai ta ƙasa. Guduma ba ta da aiki a nan, wuta ma haka, wannan ƙarfen narkewa yake ba ya yin ja ya gargaɗe ka.

Ramukan biyu, na gaba da na baya, a ɗaurin inji ɗaya ake fafe su. In an kwance an juya aka yi na biyun daban, ba za su kalli juna ba, shaf zai cije. A yanka bushin na tagulla, ya fi ramin kauri da kamar milimita 0.02 zuwa 0.03 kawai, fiye da haka yana fasa zubin. Tsakanin bushin da shaf a bar kamar 0.03 zuwa 0.05. Sai a duba shaf ɗin kansa inda sil ke kwanciya. Yawanci akwai zobe da tsohuwar roba da yashi suka sassaƙa, ko tsatsa ta yi masa zanzana. In farce yana kamawa, a rage wurin a sa masa siririyar riga ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a goge ta sumul. Sannan a fafe mazaunin oyil sil na zamani mai leɓe. A auna da baniya, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a tafi da awon, in babu a Katsina, Ƙofar Ruwa a Kano ba a rasa girman da zai shiga. Leɓen da ɗan sifirinsa su kalli ciki, wajen mai. A shafa masa mai, a naɗe haƙoran shaf da leda yayin shigarwa don kada su yanke leɓen.

Abin da tana ba ta gyarawa shi ne silindar da ta yi zane mai zurfi, ko kunnen kusa da ya tsage. Wannan sai a nemi wani akwatin, kuma na hagu da na dama daban suke.

Mai Moris, Ƙofar Marusa

Allah ya saka da alheri, Malamai. An gwada, kusoshi biyu sun yi sako-sako, hannun kuma yana girgiza kaɗan. Saura maganar man. Da zafin Katsina, ba gara mai kauri ba? Dogon shokozoba fa?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura

Ranka ya daɗe, man giya 90 kada ya kusance shi. Mai kauri ba ya tsayar da yoyo, jinkirta shi kawai yake. Ramukan bawul ƙanana ne, in mai ya kasa wucewa da sauri ƙarfin duka yana komawa kan haƙoran shaf da kusoshin nan 4 da ka riga ka samu biyunsu a kwance. Da sanyin asubar Janairu motar za ta zama kamar amalanke. Man birki ma a'a, yana lalata robar da aka yi don man injin. Abin da ya dace shi ne mai kaurin SAE 20 wanda ba ya kumfa: man shokozoban babur mai lamba 20, ko man haidirolik 46 ko 68. Don zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ni 68 nake zaɓa. Lita 1 ta ishi huɗun. Iri ɗaya za a sa hagu da dama, kuma biyun gaba tare ake gyara su, in ba haka ba gefe ɗaya ya fi tauri motar ta riƙa karkata in an taka birki a kan gargada.

Wajen cikawa sirinji ya fi. A zuba ta ramin bawul ana motsa hannun a hankali har kumfa ta daina fitowa, a mayar da bawul, a cika sama. A tsaya ƙasa kaɗan da bakin ramin cikawa. Wannan 'yar iskar da aka bari ita ce wurin da mai zai kumbura in ya yi zafi, in an cika maƙil man zai turo sabon sil ɗin. Daga nan har a ɗaura shi, a tsaye za a ajiye shi.

Shi kuwa dogo, ko an sa shi akwatin gaba yana nan, tunda shi ke riƙe da ƙafa. Bawul kawai ake cirewa daga ciki a bar mai don shaf, ke nan bushin ɗin dai sai an yi shi. Ga huda jikin mota mai shekara sama da 60. Ban ga ribar ba.

Mai Tana, Daura

Ƙari kaɗan, Alhaji. A sa sababbin marikan kusoshin, a sake bin su da sifana bayan tafiyar kilomita 100. A ɗura giris a mahaɗan sama da ƙasa na ƙafar gaba tunda an buɗe wurin, masu zare ne, in sun bushe suna cinyewa har ƙafa ta zame. A baya kuma, in an ji ƙara, a fara duba robobin ɗan sandan da ya haɗa hannun shokozoba kafin a zargi akwatin.