Bishiyar salsalar naman kaza: wa ya taɓa shan wahalar da nake sha?

Ɗalibar Aliero:
Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena, ina neman wanda ya riga ni bin wannan hanya. Aikin digirina na biyu a kan naman kazan da ke fitowa a jikin suri ne. A watan Agusta na tattaro guda 14 tsakanin Zuru da Yauri, na fitar da DNA ɗinsu da sinadarin CTAB, na yi PCR, wato ninka wani yanki na DNA ɗin, da firaimomin ITS1 da ITS4 (gajerun guntayen DNA da ke nuna yankin da za a kwafa), muka aika wani kamfani a kudu ya karanto haruffan. Da na saka su a BLAST, manhajar da ke kwatanta haruffan da waɗanda ke rumbun bayanai, biyar suka fito Trichoderma. Funfuna fa ke nan, alhali da hannuna na tsige su, kowane da hularsa da ƙafarsa. Sauran taran sun fito Termitomyces, wato naman kazan suri, amma da na haɗa bishiyar salsalarsu a manhajar MEGA, lambobin da ke nuna ƙarfin rassan cikin ɗari 38 ne kawai, 45, 52. Jiya ban runtsa ba. Don Allah duk wanda ya taɓa haɗuwa da irin wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Mai kula da ɗakin gwaji, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, a cikin me kika ɗauko su daga daji? In leda ce, to ga amsar biyar ɗinki nan. Ni ma na taɓa yi. Na cika baƙar leda da samfura a wajen Zuru, na ƙulle bakinta, na jefa a but, ban buɗe ba sai bayan kwana biyu. Abin da na tarar ruwa ne mai yauƙi da tsutsa, warin kuwa sai da aka buɗe tagogi. Waɗanda suka yi kamar sun tsira na yanki fatar hularsu na yi aiki da ita, sakamakon ya dawo funfuna zalla. Firaimomin nan ba su san naman kaza ba, duk DNA ɗin dangin funfuna da suka tarar shi suke kwafa.

Yanzu tun a gindin surin nake tsaga ƙafar da hannu, in sa sabuwar reza in ɗebo farin naman ciki kamar ƙwayar shinkafa, in jefa cikin silika jel mai tsotse danshi. Sauran jikin in nannaɗe a takarda, in busar da shi a daren da zafin da bai wuce digiri 45 ba. Firiza ba abin dogaro ba ce a nan, wuta ɗaya za a ɗauke ki yi asarar damina guda. Ki kuma buɗe fayil ɗin zanen da kamfanin ya turo, kar ki tsaya ga haruffan kaɗai. In kin ga tsinin launuka biyu suna hawa kan juna tun daga farko, halitta biyu aka karanta a haɗe.

Ɗalibar Aliero:
Leda ce, Yaya. Kuma daga saman hular na yanka.

Ɗan Gusau:
Tawa matsalar ta suna ce. Na ciro irin mai taurin nan, ja mai sheƙi kamar an shafa masa fenti, a kututturen wata ɗorawa da ta mutu. BLAST ya ba ni Ganoderma lucidum, kamanni kashi 99. Na yi murna na rubuta a babi na huɗu. Malamin da ke duba aikina ya ce in ɗauko jerin haruffan G. lucidum na Turai, inda aka fara raɗa sunan, in sa a bishiyar. Da na sa, nawa ya tafi wani reshe can daban. Ashe shekara da shekaru mutane na liƙa wannan suna a kan duk wani Ganoderma mai sheƙi, su tura GenBank, babban rumbun jerin haruffan DNA, a haka, kuma ba kowane ake tantancewa ba. Ko wanda ake nomawa a Sin don magani sai a 2012 aka ba shi suna nasa, G. lingzhi. Tun daga nan nake fara neman jerin da aka ciro daga samfurin asali na jinsin, in kuma leƙa UNITE, rumbun jerin haruffan dangin funfuna. Nawa dai Ganoderma sp. na rubuta, zuciyata ta fi kwanciya da hakan.

Malamin firamare, Zuru:
Ni ban san kan injinanku ba, amma na tashi ina bin mahaifiyata ɗibar abin nan. Abokaina na cikin gari laimar kwaɗi suke ce masa, ko taɓawa ba sa yi, mu kuwa miya muke yi da shi. 'Yata, kin ce tsigewa kika yi. Na suri ba a tsige shi. Yana da jijiya doguwa da ta nutsa har ɗakin gara, tsohuwa takan sa itace ta tona a hankali, da wannan jijiyar take gane na ci ne. Ta san surin da ke bayarwa duk shekara da kwanakin da yake fitowa bayan ruwa mai ƙarfi. In za ki dawo, ki nemi irin waɗannan mata su raka ki.

Malama daga Yauri:
Malam ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wani ɗalibina ya kawo babba fari mai zobe a ƙafa, daga cikin ciyawa, ya rubuta Macrolepiota, sunan wani da ake ci, don ya yi kama da hoton littafi. Bishiya ta kai shi cikin Chlorophyllum. Ya ce kwamfuta ce ta yi kuskure. Muka koma wurin muka samo wani, muka kife hular a kan farar takarda muka rufe da kwano. Da safe garin irin da ya zubo kore-kore ne. Chlorophyllum molybdites ke nan, mai sa amai da gudawa. Ina roƙonku, kada wanda ya ce wa mutane su ci abu don BLAST ya nuna sunan wanda ake ci.

Tsohon malamin jami'a:
'Yata, bari in yi magana a kan taran da suka rage, don a nan aikin yake. Lambobin nan da suka hana ki barci hanyar Felsenstein ce ta 1985: kwamfuta na sake ɗibar ginshiƙan haruffanki, galibi sau 1000, ta ga sau nawa reshe ya sake fitowa. Ƙasa da 70 ba mu cika kafa hujja da shi ba. Amma kafin ki zargi samfuranki, duba sahu. Jera haruffa kamar sahun salla ne, in kafaɗa ba ta daidaita da kafaɗa ba, duk abin da aka gina a kai ya karkace. Na taɓa ɓata wata guda a kan bishiyar da ta ƙi tsayuwa, ashe jeri biyu na saka su a juye, ban kuma datse bakin farko da na ƙarshe ba, inda karatun injin ke da datti. Na gyara, na sake jerawa da manhajar MAFFT, na bi layi-layi da idona, rassa suka miƙe.

Sannan ITS, yankin DNA ɗin da kika karanto, wanda aka amince da shi a 2012 a matsayin tambarin gane jinsi a dangin funfuna, yana saurin canzawa. Ya iya raba ɗan'uwa da ɗan'uwa, amma bai iya ba da labarin kakanni ba. In kuɗi ya isa ki ƙara LSU, wani yankin DNA da ba ya saurin canzawa haka. Wanda za ki kafa saiwar bishiyar da shi kuma ki ɗauko na kusa, kamar Lyophyllum, tunda gidansu ɗaya da Termitomyces. Kar ki ɗauko bare daga nesa.

Kada ki ji kunyar bishiyar da ta saɓa wa littafi. Mu an koya mana Coprinus a matsayin zuriya ɗaya saboda yawancinsu kan narke su koma kamar tawada. A 2001 aka raba su bisa shaidar DNA, aka kwashe mafi yawansu zuwa Coprinopsis da Coprinellus da Parasola. Mai yiwuwa cikin taranki akwai wanda ba a taɓa karanta irinsa daga wannan yanki ba. Shi ya sa nake tambaya: busasshen jikinsu na nan? Da lamba da hoto da sunan ƙauye? Ba tare da su ba, ba wanda zai iya bin sawunki.

Ɗalibar Aliero:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Na duba yanzu. Ban datse bakunan ba ko ɗaya, kuma saiwar da wani funfuna, Aspergillus, na kafa ta. Na gyara, na sa Lyophyllum, rassa uku sun haura 80, ɗaya na nan a 55. Busassun guda bakwai ne suka rage a ambulan, biyu ƙwari sun cinye. Biyar ɗin funfunan sai wata daminar in Allah Ya kai mu. Malam na Zuru, zan turo maka saƙo a keɓe, ina son a haɗa ni da matan tun kafin ruwa ya zauna.