Don Allah a taimaka min da wannan efsilon da delta ɗin

Salam 'yan uwa masu lissafi. Ina aji biyu a jami'a nan Kaduna, semestan nan aka haɗa mu da kos ɗin analisis, wato kalkulas ɗin da muka sani amma yanzu komai sai ka kawo hujja, wallahi kaina ya ɗau zafi.

An ce mu nuna limit na x² (lambar da x² ke matsawa gare ta) in x ya doshi 2 shi ne 4, wato ga kowace 'yar tazara ε (efsilon) mu samo tazara δ (delta) yadda in |x − 2| bai kai δ ba, |x² − 4| ba zai kai ε ba. Na raba |x² − 4| ya zama |x − 2||x + 2|, sai kawai na rubuta δ = ε/|x + 2|, malam ya ja min jan biro yace delta ba ya dogara da x. To na yarda. A allo shi cewa yayi mu ɗauka |x − 2| < 1, kenan x na tsakanin 1 da 3, |x + 2| bai kai 5 ba, sai δ = min(1, ε/5), wato wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin 1 da ε/5.

Abin da ya ɗaure min kai, wannan 1 ɗin daga ina ya fito? Na gwada 2 na samu min(2, ε/6), shima daidai ne ko za a rage min maki?

Sannan jiya a Kawo ni da abokina muka gwada 1/x in x ya doshi 1, muka sa 1 ɗin nan, sai x ya iya matsowa kusa da 0 abu ya watse, 1/|x| ya ƙi tsayawa. Shi yace a sa 1/2 a samu min(1/2, ε/2), amma dai ya kasa gaya min yadda ake gane lambar da za a zaɓa tun farko. Tes ranar Litinin ne fa, wanda ya gane ya warware min.