Jirgin kashe gobara da abin da majalisarmu ta tsayar

Bayan la'asar a majalisarmu, nan kusa da dajin Falgore, wani matashi ya nuna mana bidiyon jirgin CL-415 ƙirar Kanada. Yakan shafi saman tafki ya ɗebi ruwa kusan lita 6,000 cikin daƙiƙa 12. A Sifen, sojojin sama ne ke da runduna ta musamman mai tuƙa irinsa. Ya ce, "Baba, ga dam ɗin Tiga, me zai hana mu?"

Dattijon da matashin ya tambaya, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya ce jirgi ƙarfin wuta kawai yake karyawa, mutanen da ke ƙasa ke ƙarasa kashe ta. Ga kuma hazon hunturu mai hana matuƙi gani. Ni dai na gamsu.

Aka tsaya kan a share ciyawar gefen gona da zarar an gama girbi, a nisanta harawa da karan dawa daga gidaje. Mai ƙona shara ya jira iska ta kwanta. An fi daɗewa kan yara masu cinna wuta don kamun gafiya. Mai unguwa zai kira iyayensu ranar Juma'a.