RUTF: madara ce, tunkuza ce, ko magani?

Malam Habu: Jama'a, ana shirya takardar wayar da kan iyaye mata a sansanonin 'yan gudun hijira irin na Monguno da Dikwa, kuma an cije a kan sunan da za a kira RUTF da shi a Hausa, abin nan na leda da ake ba yara masu tamowa mai tsanani. Plumpy'Nut sunan kaya ne na kamfanin Nutriset na Faransa, ba za mu kira duka da shi ba. Mutane da yawa madara suke cewa. Mu bar shi haka?

Hajiya Rabi: A'a Malam, madara ce ma ke jawo ɓarna. Duk uwar da ta ji madara, damawa za ta yi. Shi kuwa amfaninsa duka rashin ruwan nan ne: ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinsa, shi ya sa yake kai shekara 2 a rufe ba firji. Aka dama shi da ruwan sansani, aka ajiye a kofi cikin zafi, an gayyato gudawa ga yaron da ba shi da ƙarfin jure ta. A wanke hannu, a yaga bakin ledar, yaro ya tsotsa, a ba shi tsaftataccen ruwa daban domin yana sa ƙishi. Mai shan nono a fara ba shi nono tukuna.

Malam Habu: To tunkuzar tamowa fa? Ai gyaɗa ce.

Likita Bashir: Tunkuza ai abin da ya rage ne bayan an matse mai, Malam. Wannan man ake nema. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da garin madara da sukari da man girki da sinadaran bitamin da ma'adinai, leda ɗaya giram 92, kalori 500. Kuma ka ce tunkuza, wata za ta ga ai tana iya haɗa nata a gida.

Ni damuwata rabo. Yaro mai kilo 7 leda biyu zuwa uku yake buƙata a rana, katan mai leda 150 kusan jinyar yaro ɗaya ce ta mako 6 zuwa 8. A tantin da yara biyar suka kwana da yunwa, uwa ba za ta iya kallon huɗu tana ba ɗaya ba, ban kuma ga laifinta ba. Amma sai a dawo awo a tarar kaurin dantsen yaron na nan a sashen ja na tef ɗin awo, ƙasa da santimita 11.5. Sunan ya kamata ya taya ta hanawa. Na zaɓi maganin tamowa.

Hajiya Rabi: Likita, magani ma da nasa. Ana sallamar uwa da magani na ainihi, amoksisilin mai kashe ƙwayoyin cuta, sai sunaye su cakuɗe. Sannan magani a kunnen mutane cokali ne safe da yamma, a daina in an ga sauƙi. Wannan ci ake yi a ƙoshi. Har gwajin ci ake yi wa yaro a asibiti: in ya ƙi, ko kumburi ya wuce ƙafa ya kai fuska, kwantar da shi za a yi a fara da F-75, madarar jinya ta musamman da ake bayarwa a asibiti. Ka ga ita ce ta cancanci sunan madara. Me zai hana mu ce abincin jinyar tamowa?

Malam Habu: Hajiya, kin manta masu zaman jinya ke cinye kayan dubiya!

Likita Bashir: Duk da haka ya fi. Abinci ya ce a ci sosai, jinya ta ce na mara lafiya ne. A rubuta abincin jinyar tamowa a farko, daga nan a riƙa cewa abincin jinya. A ƙara layi ɗaya ƙarƙashinsa: ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba.

Malam Habu: Na rubuta. Saura na yaran da awonsu ya faɗa a sashen rawaya na tef ɗin, santimita 11.5 zuwa 12.5, don ledarsu daban ce.